Sabon Madabod, Tsohon Faifai

Duk wanda ya taɓa kawo kwamfuta layin masu gyara ya san amsar Injiniya. Ka ce masa madabod ya ƙone, wato babban koren allon nan da komai na cikin kwamfuta ke manne a jikinsa, ka tambaye shi ko abin da ke ciki zai tsira in an sa sabo, ko ɗago kai ba zai yi ba.

"Sai an yi fomatin," zai ce, wato a shafe duk abin da ke ciki. "Sabon bod, sabon komai."

Rabin gaskiya ce, kuma ya sani. Hotuna da takardu da babbar manhajar da ke tuƙa kwamfuta ba a jikin bod suke ba, suna cikin faifan ajiya, wani ɗan ƙarfe da bai cika tafin hannu ba. Sau da yawa in ka haɗa tsohon faifai da sabon bod, manhajar za ta ɗan yi dube-dube, ta kashe kanta ta sake tashi, ta ci gaba da harkarta. Wani lokacin kuma ta yi taurin kai, a yini ana lallashinta. To wannan yinin ne Injiniya ba ya so. Shafewa ta fi sauƙi, ba ta da gardama, mai kaya ya yi jimami ya haƙura. Ya faɗa ya sake faɗa har layin duka suka haddace, har surukinsa mai ɗakin hoto, wanda kan zauna a bencinsa yana hira, shi ma ya haddace.

A makon da nake ba ku labari, Auta, 'yarsa ta ƙarshe, tana kwance a asibiti an ɗaure mata muƙamuƙi da waya. Mijinta, Mai Hoton nan, ya ce tsani ta hau a ɗakin hoton za ta gyara labulen da ake tsayawa gabansa, ƙafa ta goce, ta faɗo kan teburin kwamfuta. Da likita ya tambaye ta ko haka ne, ta gyaɗa kai. An ce gobe za a sallame ta, mijin kuma har ya sa an share mata ɗaki.

Da safe uwarta ta ja Injiniya bakin ƙofar ɗakin mata.

"Malam, ka dubi fuskar yarinyar nan da kyau kuwa?"

"Na duba."

"Ka ga yankan da ke ƙasan idonta na hagu?"

Ya gani. Ɗan ƙaramin yanka ne mai kusurwa huɗu, kamar an buga hatimi.

"Bakin tebur ne," ya ce.

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta koma ciki. Injiniya mutum ne mai gudun rigima har abin ya zame masa ciwo. Shi ne mai raba faɗa a layi, shi ne mai cewa a bar maganar. Ko a watan jiya da Auta ta zo gida da jakarta, wuyan hannunta a naɗe, ta zauna tana kallon ƙasa, shi da kansa ya ɗauki jakar ya mayar da ita, yana cewa a manta da abin da ya wuce a fara sabo. A ransa ya ɗauka kirki ya yi.

Da hantsi yana shago sai ga Mai Hoto ya shigo rungume da akwatin kwamfutar. Ya ajiye ta a tebur, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi.

"Baba, barka da aiki. Ga wadda ta faɗo tare da ita. Mutane na ta zuwa ɗaukar hoto, aiki ya tsaya mini cak."

Ba shi da inda zai kai ta in ba nan ba. Injiniya ne ya harhaɗa ta da hannunsa, shi ya ɗaura masa kyamara a silin bayan ɓarayi sun taɓa shiga, ya haɗa ta da kwamfutar tana adana duk motsin da aka yi a ɗakin. Da ya kai wa wani a layin nan, kafin ya fita labari ya riga shi zuwa wannan shagon. Ga shi gyaran suruki kyauta ne.

Injiniya ya juya akwatin gaba da baya. Babu lotsewa ko ɗaya, ko fenti bai goge ba. Sai dai kawunan sukurorin murfin sun ciccinye, alamar wanda ya kwance su da bakin wuƙa cikin gaggawa. Ya zare murfin, ya haska ciki da tocila.

Madabod ɗin ya tarwatse. Ba tsagewar faɗuwa ba ce. Sawu ne zagaye-zagaye, ɗaya kan ɗaya, daidai girman kan guduma, har fankar da ke tsakiya ta nutse cikin allon. Can gefe kuwa, a lungunsa, faifan ajiya na zaune lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Wanda ya yi ɓarnar ya bugi abin da ya fi girma da ban tsoro, ya bar ɗan ƙarfen da bai ɗauka a bakin komai ba.

"Faɗuwa ce ta yi wannan?"

"Faɗuwa ce, Baba. Da ƙarfi ta faɗo."

"Ita ko kwamfutar?"

"Su biyun."

Mai Hoto ya dafa tebur ya leƙo. A yatsansa na dama akwai zoben azurfa mai dutse kusurwa huɗu. Injiniya ya sha ganin zoben nan, amma yau ne ya gan shi.

"Na ce ba, Baba," in ji Mai Hoto, yana wasa da makullin babur. "In an canja bod ɗin, na ciki duk ya tafi, ko? Har da na kyamarar nan?"

"Ya tafi," in ji Injiniya. "Sabon bod, sabon komai."

Sai ya ga kafaɗun surukinsa sun sauka. An ce wa mai hoto aikin mutane na shekara guda ya salwanta, hotunan aure da na jarirai da na tsofaffin da wasunsu sun rasu, shi kuma ya sauke ajiyar zuciya. A nan Injiniya ya gama sanin abin da matarsa ta sani tun da safe. Amma sani daban, abin nunawa daban. Auta ta riga ta gyaɗa wa likita kai, gobe kuma za a ɗora ta a bayan babur a mayar da ita gidan mai zoben nan, sai fa in abin da ke cikin faifan ya yarda ya tashi.

"Zauna," ya ce. "Ina da irinsa."

Ya jawo kwali daga ƙarƙashin tebur ya yi ta tono har ya samo wani bod da ya ciro daga kwamfutar wani ofis, ɗan gida ɗaya da wanda aka farfasa. Ya kunna ƙarfen narka dalma don ya gyara wata waya da gudumar ta tsinka. Ya kwance matacce, ya kakkaɓe ɓaraguzai, ya ɗaura sabo, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Sukuru ya faɗi masa sau biyu. Faifan kuwa bai ɗaure shi ba, ya bar shi yana lilo a jikin wayoyinsa, a gefen da hannunsa zai iya kaiwa.

Mai Hoto na kan benci yana danna waya yana zuba. Yadda zai nemo mata mai aiki, yadda ba zai sake barinta ta hau tsani ba, yadda bai runtsa ba tun da abin ya faru. Injiniya sai "uhm" yake cewa. Ta bangon katako yana jin keken Tela, maƙwabcinsa, na ta sukuwa.

Ya haɗa sikirin da kibod, ya danna maɓalli. Fanka ta juya.

"Baba, ba ka sa filash ɗin ba," in ji Mai Hoto. Ya sha ganin aikin, ya san da filash ake fomatin, kuma ga shi can kwance kusa da sukudireba.

"Bari in ga ko bod ɗin na da rai tukuna."

Wasu ɗigo-ɗigo suka fara kewayawa a sikirin. Suka kewaya, suka kewaya, sai gaba ɗaya ya yi shuɗi, rubutu ya bayyana, ya mutu. Injiniya ya ƙura wa sikirin ido. Taurin kan nan ne da ya yi shekaru yana gudu, yau ya same shi a ranar da ba shi da yini guda na lallashi.

"Ka gani," in ji Mai Hoto yana dariya. "Yadda kake faɗa. Sa filash kawai, Baba."

"Yanzu."

Ya sake kunnawa, ya shiga saitin bod ɗin. Ya san wuri ɗaya da kan jawo irin wannan, wajen da ake gaya wa bod yadda zai yi magana da faifai. Ya sauya shi zuwa yadda ya saba sa wa duk kwamfutar da ya harhaɗa, ya fita. In wannan bai yi ba, ba shi da wani uzurin da zai sake bayarwa.

Ɗigo-ɗigon suka dawo. A ƙarƙashinsu wani ɗan rubutu ya fito, manhajar na cewa tana sanin sababbin kayan da ta tarar. Ta kashe kanta ta tashi. Ta sake kashewa ta tashi. Mai Hoto ya daina danna waya.

Sai ga hoton da ke fuskar kwamfutar ya fito, Auta a tsaye bakin ƙofar ɗakin hoton tana dariya, ranar da aka buɗe shi. Babu tambayar lambar sirri, don Injiniya ba ya sa wa kowa, wai kada a manta a dawo masa. Komai na inda aka bar shi. Manhajar kyamara ta buɗe kanta kamar kullum, ta yi ƙorafin ba ta ga kyamara ba, ta jero abin da ta adana a ƙasa. Injiniya ya danna na ƙarshe.

Babu sauti. Ɗakin hoto ne daga sama, labule na rataye daidai, babu tsani a ko'ina. Auta na zaune gaban tebur. Mijinta ya shigo, ya ce wani abu, ta juyo za ta amsa, ya kai mata naushi a fuska da hannun dama. Ya cafki gashinta ya buga haɓarta da bakin tebur, ya ɗago ya sake bugawa. Ta zube ƙasa. Abin da ya fi ci wa Injiniya rai shi ne, tun kafin ƙafar ta taso Auta ta riga ta naɗe jiki ta kare haƙarƙarinta na hagu. Ta san inda na gaba zai sauka. Ya yi ta shurinta har ta daina motsi, ya tsaya yana haki, sannan ya ɗaga kai ya dubi kyamara.

Injiniya ya ji numfashi a bayan wuyansa.

Hannayensu suka tafi tare. Na Mai Hoto ya damƙi akwatin, na Injiniya ya fizge faifan daga wayoyinsa. Akwatin ya yi sama ya daki bango, sikirin ya bi shi ya fashe, gilashi ya watsu har bakin ƙofa.

"Baba, ba ni."

"Ba zan bayar ba."

"Baba, ka ce ya tafi."

"Ƙarya na yi."

"Ba ni, na ce. Magana ce tsakanina da matata."

Har ya kai naushin bai daina cewa Baba ba. Zoben ya sauka ƙasan idon hagu, Injiniya ya ga wuta, tabarau ɗinsa ya yi gefe. Kafin ya dawo hayyacinsa an shaƙo wuyan rigarsa ta baya an buga bakinsa da tebur. Ya ji haƙori ya ɓalle, jini ya cika masa baki, sukurori da dalma suka zubo masa a ka. Tsoho ne mai ciwon gwiwa, rabonsa da faɗa tun yana yaro. Ya faɗi ruf da ciki, ya tura faifan ƙarƙashin ƙirjinsa ya kwanta a kai. Da yake yanzun nan ya kalli yadda abin ke tafiya, sai shi ma ya kare haƙarƙarin hagu, kuma nan ɗin ƙafar ta sauka.

Ta sauka, ta sake sauka. Wani abu ya ce ƙas a cikinsa, numfashi ya gagare shi. Mai Hoto ya durƙusa a bayansa, ya danna masa gwiwa a gadon baya, ya cusa hannu ƙarƙashinsa yana lalube, yana murɗe masa yatsu ɗaya-ɗaya. Ƙaramin yatsan ya karye. Injiniya bai yi ihu ba, ba don jarumta ba, iskar yin ihun ce babu.

Ƙarfen narka dalma ya faɗo tare da kayan tebur, yana nan a kunne, yana lilo a jikin wayarsa daf da fuskar Injiniya. Ya miƙa hannun da ya rage masa ya kama mariƙinsa. Bai yi tunanin komai ba. Ya danna bakin ƙarfen a bayan hannun mai zoben, ya danne da duk ƙarfin da ya saura masa, ya ƙi ɗagawa. Ƙauri ya tashi. Ihun da Mai Hoto ya kurma shi ya tsayar da keken Tela.

Tela ƙato ne, ya shigo riƙe da dutsen guga. Bai tambayi ba'asi ba. Ya ga dattijon da suka yi shekaru ashirin suna maƙwabtaka kwance cikin jini, ya ga wanda ke kansa, ya sauke masa dutsen a kafaɗa. Masu gyaran layin suka danno, wani da ƙafar kujera, wani da wayar wuta a ninke. Suka ja Mai Hoto waje ta ƙafa, kansa na bugun dakali, suka rufar masa. Yana kiran Baba, yana cewa Baba ka gaya musu ni surukinka ne.

Kowa a layin ya san muryar da kan ce ya isa. Har wasu na dukan suna waiwayen shagon, suna jiran su ji ta. Injiniya ya jingina da ƙafar tebur, faifai a ƙirjinsa, yana sauraren saukar kowane duka, bakinsa a rufe. Daɗi ya ji, daɗi mai muni, kuma bai ji kunyarsa ba. Sai da ya ji ihun ya koma gurnani sannan ya ce wa Tela a kira 'yan sanda, don yana son mutumin nan da ransa ranar da za a kunna abin a gaban alƙali.

Rana ta yi sanyi kafin a gama da shi a asibiti. Aka ɗinke masa fuska, aka naɗe masa ƙirji, aka ɗaure yatsan da ɗan katako. Nas ta ce ya kwanta, ya ce yana da mara lafiya a sama. Ya hau matakala yana dafa bango, yana hutawa a kowace kwana.

Matarsa ta miƙe da ta gan shi, ta kai hannu baki. Auta na jingine da filo. Idonta ya bi fuskarsa a hankali, leɓen da ya kumbura, giɓin haƙori, yadda ya karkace yana kare gefen hagu. Ya tsaya a kan ɗan yankan da ke ƙasan idonsa. Ta ɗaga hannu ta taɓa nata.

"Baba, me ya same ka haka?" in ji wata nas da ke gyara gadon kusa.

"Tsani ne," ya ce, idonsa na kan 'yarsa. "Irin nata."

Ya zauna bakin gado da ƙyar. Ya ciro faifan daga aljihu, da busasshen jini a jikinsa, ya sa mata a tafin hannu.

"Ya tashi, Auta. Na canja bod, komai na nan, na gani da idona. Mijinki na hannun 'yan sanda, sun ce in kai musu wannan da safe. Gobe gida za mu tafi, ɗakinki na nan yadda kika bar shi."

Ta rufe yatsunta a kan faifan. Hawaye ya gangaro ya bi ta kan ɗinkin. Ya ɗauka shi ke nan, har ya fara jin wani sanyi a ransa, irin na wanda ya yi abin da ya kamata. Sai ya ga leɓɓanta na motsi. Maganar na fitowa ta tsakanin haƙoran da aka ɗaure, ba a ji sosai, ya sunkuya ya kai kunnensa, haƙarƙarinsa na sukarsa.

"Na ƙarshe kaɗai ka kalla?"

"Shi kaɗai."

"Ka koma baya, Baba," ta ce. "Ka duba na ranar da ka mayar da ni."

Bai ɗago ba. Daga inda ya sunkuya yana iya ganin jakarta a ƙarƙashin gado, ita ce dai ta watan jiya, mai ɗinki a hannu ɗaya. Matarsa ta jawo ta za ta fara haɗa kaya, ya miƙa hannun da bai karye ba ya karɓa, ya ɗora ta a cinyarsa ya riƙe.